Sakatariya Ba Ta Waiwaye

Shekara uku Sakatariya tana kallon hagu. A tsakiyar teburinta akwai fulawar roba da wani katako da aka rubuta muƙaminta da ruwan zinare, don haka kwamfuta ba ta samu wuri ba sai can gefe, wajen taga. Jikinta na fuskantar ƙofa saboda baƙi, kanta na wajen kwamfuta saboda aiki. Wuya kuwa ba wanda ya nemi shawararsa.

Ciwon kan daga ƙeya yake tasowa, ya bi ta bayan kunnen dama a hankali kamar mai hawa bene da kaya, ya zo ya zauna a bayan ido. Ita har so take a tambaye ta. "Ciwon masu tunani ne," in ji ta. "Oga ma yana yi."

Abin bai dame ta ba sai da aka sa mata gwajin tuƙi nan da sati biyu. Sau biyu tana faɗuwa, duk a ribas, kuma an ce in ta faɗi ta uku sai ta koma koyo daga farko. Dole ne a waiwaya ta kafaɗa, ita kuwa in za ta kalli dama sai ta juyo gaba ɗaya har da ƙugu, ƙafa ta zame daga birki.

"Yaya, ke fa kamar firij ake juya ki," in ji ƙanwarta, ta ja ta wajen likitar ƙashi.

Gadon likitar yana da rami a wajen kai. Sakatariya ta kwanta rub da ciki, ta sa fuska a ramin, ba abin gani sai tayil huɗu da ƙafar likita cikin silifas. Aka ɗora mata tawul mai ɗumi. Tayil ɗin suka fara lilo, suka zama titi, ga ta cikin motarta tana tafiya ba ƙara, kamar a kan ruwa, mutane sun jeru suna ɗaga mata hannu, dukkansu a hagu.

Likita ta danna wani wuri ƙasan ƙeya. Ciwon ya bayyana a bayan ido, tsaf, kamar an kira sunansa.

"Wayyo! Shi ne!"

"To wuyanki ne, Anti. Ya ƙage."

"Ba tunani ba?" muryar ta fito daga ƙarƙashin gado.

"Ƙila akwai tunanin, ni dai hannuna bai taɓo shi ba."

Aka ce ta dawo da kwamfuta gabanta, daidai ido. Ta riƙa tashi duk rabin awa, ta ja haɓa baya, ta juya kai dama da hagu a hankali.

"Zai warke kafin gwajin?"

"Zai ragu. Shekara uku kika yi kina koya masa."

Washegari katakon ya shiga durowa. Ta ce wa masinja an kai shi a goge ne. Baƙi suna shigowa su tarar da ita ta ja haɓa har ta zama biyu, tana bin bango da ido kamar mai raka jirgi.

Ranar gwaji, mai gwajin ya nuna mata gangunan ƙarfe biyu da za ta shiga tsakaninsu da baya. "Bismillah, Malama."

Ta sa ribas, ta juya kai. Kan ya tafi, ya tafi, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ɗan ƙara. Ƙugu na nan inda yake. Ta gilashin baya ta hango wata mata a saman bene tana shanya farin zanin gado, iska na cika shi tana saki. Motar na sulalewa, gangunan suka wuce ta gefe da gefe, shiru.

"Kin shiga, Malama. Malama! Birki!"

Ta taka. Tsakaninta da katanga bai fi taki ɗaya ba.

Mai gwajin ya daɗe yana numfashi. Sannan ya sa hannu a takardar, ya ce ta ci, ya miƙa mata. Ita kuwa har yanzu tana waiwaye, sai da ya taɓa kafaɗarta da biro kafin ta juyo.