Mangwaron Bokiti

"Baba, gonar taka ce?"

Tahidu yana tsugune a tsakar gidan hayarsu na unguwar Moshi Zongo, yana wanke fulogin babur, lokacin da yarinyar ta yi tambayar. Najat sunanta, ma'aikaciyar ƙididdiga ce, irin masu bin gida-gida suna tambayar abin da iyali suka saya suka ci. Ta gama da gishiri da gawayi da sabulu, Mma Memunatu tana ba ta amsa daga bakin murhu. Da aka zo kan gona sai tsohuwar ta nuna mijinta da muciya.

Baba Dramani yana kishingiɗe a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Tun bayan babbar salla ciwo ya kayar da shi, amma bakin nan nasa ko gezau.

"Tun ba a haifi uwarki ba nake nomanta," in ji shi.

"Na ji, Baba. Amma mu ba ma rubuta ƙasa ta gida ce sai in za ku iya sayar da ita, ko ku bar ta gado. Za ka iya sayarwa?"

"A'uzubillahi. In sayar da ƙasar Dagomba?"

"To, in ta Allah ta kasance, Mma za ta gada?"

Tahidu ya jira dattijon ya yi mata irin barkwancinsa. Sai ya ga ya juya yana kallon matarsa, ita kuwa ta duƙufa kan tukunya kamar ba ta ji ba.

Kowa a gidan ya san tarihin gonar, har Tahidu da ba ɗansu ba ne, maƙwabcin ɗaki ne kawai. Mahaifin Baba Dramani ne ya zo daga ƙasar Moshi, ya kai goro ga wani dattijo a ƙauyen bayan Sagnarigu, aka nuna masa fili aka ce ya noma ya ci. Sharaɗin ba yawa: ka kai kwandon masara bayan girbi, kuma kada ka dasa itace, don wanda ya dasa itace ya ce ƙasa tasa ce. In mai noma ya mutu aro ya mutu, sai dai in tun yana raye ya kama hannun magajinsa ya kai shi gaban mai ƙasa. Haka uban ya kai Dramani. Shi kuwa Dramani Allah bai bar masa ɗa ba, sai matarsa Memunatu, wadda da masarar gonar nan take dama kokon da take sayarwa a bakin titi. In gona ta tafi, koko ya tafi.

Najat ta danna abin da za ta danna a na'urarta, ta ce ta rubuta gonar aro ce, za ta sake dawowa. Da za ta fita ta tsaya kan wani mangwaro da ke cikin bokitin fenti a ƙofar ɗakin, tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba.

"Wannan dai nawa ne," in ji Baba Dramani. "Rubuta shi."

Shekara da shekaru yana renon abin nan. Gona an hana shi dasawa, tsakar gida siminti ne kuma na mai gida, sai ya riƙa sauya masa bokiti yana rage masa reshe. Tahidu ya sha tsokanarsa cewa ranar da mangwaron ya yi 'ya'ya shi zai fara ci.

Washegari da hantsi Baba Dramani ya kira shi. "Tahidu, kai ni in gaida mai ƙasa."

"Baba, bari ka ji sauƙi mana."

"Sauƙin nan ya ɓata hanya. Ɗauko babur."

Babur ɗin Tahidu mai ƙafa uku ne, na dakon kaya. Ya shimfiɗa katifa a baya, suka kinkimi dattijon shi da Mma Memunatu, ta zauna ta tallafe kansa, goro a ƙunshe cikin ganye a cinyarta. Tahidu ya yi ta kaucewa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Rabonsa da hanyar an jima, ya yi mamakin yadda gari ya ci daji: inda ya san gonakin gyaɗa duk ya koma bulo da kwano. Da suka zo daidai gonar, masara ta bunƙasa ta fitar da gemu, gwanin sha'awa. A tsakanin kunyoyin kuwa ga wasu gajerun turakun siminti, kansu da jan fenti, irin na masu awon filaye. Tahidu ya ƙara wuta don kada dattijon ya gani. Ya gani.

Mai ƙasar da suka zo dominsa ya tsufa tuƙuf, yana zaune a kan fata, ido ya yi fari. Ɗansa Saani ne ya tarbe su. Baba Dramani ya ce sai an sauke shi ya durƙusa yadda ake yi, ƙafa kuwa ta ƙi. Tahidu ya riƙe shi ta hammata, yana jin nauyinsa duka a hannu, dattijon ya miƙa goro, ya kama hannun matarsa.

"Ga Memunatu. In na tafi, ita ce."

Saani bai karɓi ƙunshin ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa. "Baba, ba ni ba ne. Masu awo ya zo, an yanka wajen duka. Nawa gona ma rabi ya tafi. Masara na bana, ku ci, ba wanda zai taɓa."

"Baɗi fa?"

Saani ya buɗe tafin hannunsa biyu. Don kada a ce an mayar da goron baƙo, ya zare ƙwaya ɗaya ya sa a hannun mahaifinsa. Tsohon ya shafa goron, ya yi murmushi, ya tambayi Baba Dramani da Dagbanci, yaren Dagomba, ko babansa yana lafiya, ya ce a gaya masa ya kwana biyu bai zo ba.

Ran Tahidu ya ɓaci ƙwarai, ya nemi wanda zai yi wa faɗa ya rasa. Saani ba mugu ba ne, tsohon ba ya cikin hayyacinsa, masu awo kuwa ko sunansu ba wanda ya sani. Haka ya mayar da dattijon kan katifa, suka juyo gida.

Baba Dramani bai ga girbi ba. Wata Laraba bayan la'asar Tahidu ya shigo ya tarar da shi yana numfashi sama-sama, Mma Memunatu tana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya ɗan buɗe ido, ya nuna ƙofa da haɓa.

"Bokitin ya yi masa kaɗan," ya ce. Kafin magariba ya cika.

Ana shirin sadakar bakwai Najat ta dawo da na'urarta. Ta yi sallama, ta fara da tambayar da aka koya mata, ko an sami canji a yawan mutanen gida, sai idonta ya faɗa kan tabarmar da aka naɗe aka jingine. Ta ajiye na'urar ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Sa mutum ɗaya, 'yata," in ji Mma Memunatu. Najat ba ta tambayi gona ba.

Tahidu yana share tsakar gida don masu zuwa addu'a, ya kama bokitin zai matsar da shi gefe. Ya ƙi ɗaguwa. Ya duƙa ya leƙa. Ashe saiwa ta fasa gindin bokitin, ta sami wata tsaga a siminti ta shige ƙasa, kaurinta ya kai babban yatsa.

"Mma, zo ki gani."

Ta zo ta daɗe tana kallo.

"Bar shi," ta ce a hankali. "Kada dai mai gida ya gani."

Tahidu ya mirgino tsohon turmi ya kare wajen da shi. Sannan ya ɗauko butar Baba Dramani, da sauran ruwa a ciki, ya tsiyaye a gindin mangwaron.