Bangon da Ke Gumi

Wani dare a watan Yuli na ji gidanmu yana munshari. Ba mutum ba ne, ginin ne da kansa, daga can ƙasa, kamar saniya ta ƙoshi ta kwanta. Da safe na bi ƙarar har ɗakin wanki na ƙarƙashin ƙasa, na tarar bango ɗaya yana gumi. Na dafa shi. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma Albino maƙwabcina ya shekara talatin yana haƙar titi. Ya ce bututu ne a bayan bangon. Daga can ƙasan tafkin Ontariyo, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, ake ɗauko sanyin ruwa a kai wa dogayen benayen bankuna.

"Mu fa?" na ce.

"Mu ai hanya ce kawai, tsoho."

A hawa na shida inda muke, fanka wuta take hurawa. Graça, matar Albino, huhunta ya lalace. Zafi na tashi sai ta hau haki kamar kifi a tudu. Muka sauko da katifarta muka manna ta da bangon. Kwana tara tana barci lafiya. Ni kuwa sai in kafa kunne a siminti, ina jin ruwan da wataƙila ya girmi kakana yana wucewa, zai je ya sanyaya kujerun da ko kare babu a kansu ran Lahadi.

Rana ta goma samari biyu suka zo da na'ura. Wai awo ya nuna wa kamfaninsu sanyi na zurarewa a nan.

"Zurarewa ina?" in ji Albino, yana nuna Graça a kan katifa. "Ga inda yake zuwa nan a kwance, makafi!"

"Kawu, aiko mu aka yi. Sanyin nan da masu shi."

"Masu shi? Uban wa ya hura wa tafkin sanyi? Kai ko manajanku?"

Na roƙe su, ni da furfurata, su bar mana ko faɗin katifa ɗaya. Ɗayan ya yi dariya, ya ce babu wannan a takardarsu. Suka feshe bangon da wani kumfa rawaya, ya kumbura ya daskare. Na dafa. Ɗumi kamar burodi. Da ina da sauran ƙarfi, da farce zan kankare shi.

Graça na zaune a kan matakala, baki buɗe, tana neman iska. Samarin suna naɗe igiyar na'urarsu, ba wanda ya ɗago kai.

Albino ya dube su, ya dube ni.

"To yau ina zan kwantar da ita?"