Furen da Kibwana Ya Raɗa wa Suna Tatu

Tun da Kibwana ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Tanga, yayarsa Bi Mwanahawa ba ta ƙara samun wurin shanya a tsakar gida ba. Ko'ina tukwane da tsofaffin gwangwanayen fenti, kowanne da itacen habiskas a ciki: ja, ruwan ɗorawa, ruwan goro, har da mai ninki-ninki kamar bakin rigar amarya. Mutum ya haura sittin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birni, shi kuwa ya zama bawan fure.

Da safe kafin ya kurɓi shayi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana juya ganye yana farautar fararen ƙwari. Ya jiƙa kashin kaji a duro bayan madafa, warin ya hana mutum haɗiye tuwon ugali cikin daɗin rai. Amma abin da ya fi ci wa Mwanahawa rai shi ne auren. Sai ya lakato garin wannan fure da ɗan buroshi ya shafa wa wancan, ya ɗaura masa zare, yana murmushi kamar waliyyin amarya.

"Kai da ka kasa sake aure, kai ne mai aurar da ciyawa," in ji ta.

"Yaya, ba ciyawa ba ce."

"To miyarta za mu sha?"

Ashe yana da inda ya sa ido. Bi Tatu ce, wata bazawara mai suyar wainar shinkafa a bakin layinsu. Kibwana bai kai mata turare ba, bai kai mata zane ba. Alkawari ya kai mata. Ya ce akwai irin da ya haɗa da hannunsa, zai fitar da shuɗin fure kamar teku da hantsi, wanda ba a taɓa gani ba a Tanga, kuma sunanta zai raɗa masa. Tatu kuwa ba mai riƙe magana ba ce. Duk wanda ya sayi waina sai ya tafi da labarin kyauta.

Aka yi fiye da shekara itacen yana cin taki yana ba da ganye. Mwanahawa tana kallon ƙanenta yana jan tukunyar zuwa rana, yana mayar da ita inuwa, yana tsoma yatsa a ƙasa ya ji danshi. Ko 'ya'yan cikinsa ba su sami wannan renon ba.

Da toho ya kumbura, sai ya gayyaci unguwa. Ya sa ta dafa gahawa, ya sayo alewa, aka shimfiɗa tabarmi. Tatu ta zo da sabon shuɗin zane da ƙawayenta, ta zauna gaba-gaba. Manyan mutane da gemunsu suka kewaye tukunya suna jiran ganye ya buɗe baki.

Ya buɗe. Faɗinsa ya kai faranti. Launinsa kuwa toka-toka ne mai sirkin ƙasa, sak ruwan da aka wanke tukunyar kifi, tsakiyarsa jaja-jaja kamar tsohon gyambo.

Hamadi mai sayar da kifi ya leƙa ya ce, "Dattijo, wannan tekun bayan ambaliya ne ko?"

Dariya ta ɓarke. Mwanahawa ba ta ko rufe baki da gyale ba.

"Bwana Kibwana," Tatu ta ce a hankali, "haka kake ganina?"

"Ki dubi gefen nan. In kika ɗan karkata kai, akwai shuɗi-shuɗi."

"Ni zan karkata kai? Shekara guda ina cika baki a gaban kasko! Ka tuge abin nan yanzu a gaban kowa, ko ka manta hanyar gidanmu."

Mwanahawa ta tabbata zai tuge. Ko wawa ya san bambancin mace da itace. Amma Kibwana ya dubi Tatu, ya dubi furen, sannan ya matsa ya tare tukunyar da jikinsa.

"Irin wannan launin ba a samunsa sau biyu," ya ce. "Ba zan iya ba."

Tatu ta kaɗe zanenta ta fice, ƙawayen suka bi ta, ɗaya har ta ƙunshe alewa a gefen gyale. Kafin magariba furen ya naɗe ya faɗi, kamar yadda kowane habiskas yake yi. Sunan dai bai faɗi ba. Matan layi suka riƙa kiranta Tatu Ruwan Wanke-wanke, har sai da ta auri wani direban babbar mota ta koma garin Muheza.

Ranar da aka kai ta, Mwanahawa ta dawo daga biki ta tarar da ƙanenta a tsugune, ya kankare sabulun wankinta cikin bokiti yana yayyafa wa ganye saboda ƙwari.

"An kai amaryarka," ta ce.

"Allah ya ba su zaman lafiya. Yaya, zo ki gani, itacen Tatu ya yi sabon toho har biyu."

Ta fizge sauran sabulun daga hannunsa, ta shige madafa.