Layi Ɗaya, Waya Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina hawa falwaya ina yanke wayar ɓarayin wuta. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Har ƙanena na yanke wa.

Da na ajiye aiki, babban ɗana da ke ƙasar waje ya sa aka yi mini layi mai data ba iyaka. A ofishin kamfanin aka karanta mini takarda. Abu ɗaya na riƙe: layi ɗaya, waya ɗaya, ba a jona wa wani. Na dangwala yatsa.

Ranar Talata uwar yarana ta cika kwana tara a asibiti. Gadonta ne na ƙarshe, jikin taga, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Da rana ta buɗe ido ta ce fuskar babban ɗanmu take son gani. Murya dai ta ji ta gaji. Shekara huɗu rabonta da shi.

Gilashin wayata ya fashe tun bara, rabinsa baƙi, fuska ba ta fita. Wayar Auta, ƙaramar 'yarmu, lafiya lau take, amma layinta ba ya kamawa a ɗakin. Nawa ne kaɗai ke da sabis.

"Baba, kawo in buɗe hosfot in jona tawa. Minti biyar."

"Mene ne shi?"

"Kamar dai ka ja wa maƙwabci wuta daga mitarka."

Da ma ba haka ta faɗa ba.

"Satar wuta ke nan," na ce.

"Baba, kowa fa yana yi."

"Haka su ma suke ce mini daga gindin falwaya."

Uwarta ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ƙyale shi, Auta. Mai filaya ne. Ko ni ya gani a jone, yankewa zai yi."

Na ce gobe da safe zan je in nemi izini, a yi abu bisa ƙa'ida. Na sa wayar a aljihu.

Laraba ƙarfe takwas ina ofishin. Aka ba ni lamba arba'in da shida. Sai wajen sha ɗaya na isa gaban wata ma'aikaciya mai tabarau. Na yi mata bayani.

"Baba, ai ba laifin kotu ba ne," ta ce. "Sharaɗin kamfani ne kawai. In an gani, saƙo za a turo maka. In ka ci gaba, a rage maka gudun data."

"Ba a kama mutum?"

"Ba a kamawa."

"Minti biyar fa?"

"Wa ma zai lura, Baba?"

Ta danna wani abu, ta ce an buɗe mini. Na ce ta rubuta. Ta rubuta. Na ce ta buga hatimi. Ta yi murmushi ta buga.

Da na koma asibiti na shiga ɗakin, an yaye zanen gadon. Katifar roba ce kawai. Auta na zaune a benci a waje, da leda a cinyarta: filas, kofi, silifas ɗin uwarta.

Na tsaya. Na miƙa mata takardar.

Ta dubi hatimin ta daɗe.

"Sau biyu ta tambaya ko ka dawo kafin ta cika," ta ce. "Ta sa na gyara mata ɗankwali, kada Yaya ya ce ta rame."

Na fito da wayar. Na miƙa mata.

"Jona," na ce. "A faɗa wa yayanki."

Ta jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba fuskarsa ta fito tas, yana murmushi, yana gyara zama. Akwai furfura a gemunsa. Uwarsa ba ta san da ita ba.