Sunan Kaka a Cikin Waƙar Matattu

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Tsoro ne ya sa ni.

A ƙauyenmu na kan dutse a ƙasar Montenegro ba a saka sunan rayayye a waƙar makoki. Wanda aka yi wa haka, an kira shi lahira ke nan.

Malam Milutin bai san wannan ba. Daga birni ya zo da sabon kiɗan da ya tsara wa masu goge da mawaƙa, a kan tsohuwar waƙar da aka rubuta shekarar da sojoji suka ƙone ƙauyenmu. Waƙar ta jero sunayen waɗanda aka kora daji ba su dawo ba. Sai dai yaro ɗaya ya dawo bayan an gama rubuta ta. Kakana ne, Radule.

Malam ya raba wa kowace mawaƙiya suna guda, za mu riƙa raɗa su tare kamar iska a cikin ciyawa. Ni aka ba sunan Kaka.

"Malam, ai yana da rai," na ce.

"Madalla! To ya zo ya zauna a gaba. Ba na taɓa baitin mawaƙi, 'yata."

A gida Kaka ya yi dariya har da tari. "Ke 'yar tsoro! Sojoji sun kasa, sai wannan siririyar muryar taki?" Amma ya ture cukunsa bai ci ba, na kuma ga ya yi alamar gicciye a ɓoye.

Ranar Lahadin da za mu yi waƙar, da hantsi coci ya cika. Kaka na gaba da baƙar kwat ɗinsa, wadda ya ce a binne shi da ita. Goge ya fara kuka a hankali, babbar ganga na bugawa kamar takun mutane a bayan gida. Na riga na yanke shawara: in lokacin ya zo, baki kawai zan motsa. Cikin raɗa mai yawa wa zai gane?

Malam ya ɗaga hannu. Sunaye suka tashi. Na yi shiru.

Jelka, ƙawata da ke gefena, ta zungure ni. Ta ɗauka mantawa na yi.

"Radule," ta raɗa a madadina, ta sake maimaitawa. "Radule."

Na dubi Kaka. Idonsa a rufe, haɓarsa a kan ƙirji, hularsa ta zame daga gwiwarsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Yakan yi gyangyaɗi a coci, na sani. Na sani.

Aka fara tafi, kowa ya miƙe ban da shi. Ban iya tsayawa in ga ko zai ɗago ba. Na ja da baya, na sulale ta ƙaramar ƙofa, kunnena na kan ƙararrawar coci, wadda ake kaɗawa in an yi mutuwa.