Tarin Mai Jego

Sa'adiyya ta danna babban yatsanta a ƙaurin ƙanwarta, ta ƙirga biyar a zuci, ta ɗaga. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe ƙafar take haka?"

"Kwana huɗu, Yaya." Sai da Hafsat ta huta kafin ta ƙarasa. "In na kwanta... sai in ji... kamar an danne ni."

Kwananta goma sha tara da haihuwar fari, tana wankan jego a gidansu na Goron Dutse. Ta jingina da bango, ta tara filo uku a bayanta, jaririyar na barci a gefe. Sa'adiyya ta kama tsintsiyar hannunta tana kallon agogo. Bugun yana gudu, ba ƙarfi. Jijiyar wuyanta ta yi ruɗu-ruɗu. Ta ɗora kunne a gadon bayanta, ta ce ta ja numfashi, sai ta ji ƙarar nan da ta sani, kamar ana murza gashi a bakin kunne. Shekara bakwai tana aikin nas a sashen masu ciwon zuciya, ta san ƙarar ruwa ce a huhu.

Mahaifiyarsu, Hajiya Uwa, ta ɗaga labule da kwanon kunun kanwa yana tiriri.

"Tashi ki shanye, ruwan wanka ya kusa."

"Umma, don Allah kar ta sha. Zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya fara taruwa a huhunta. Kanwa da gishiri riƙe ruwa suke a jiki, ruwan zafin nan kuma ƙara wa zuciyar aiki yake. Asibiti za mu yanzu."

"Sanyi ne ya shige ta, shi ya sa ma na ƙara kanwar," in ji Hajiya Uwa. "Tara na haifa, ke ce ta uku. Wanne ne ban yi wa wanka ba?"

"Na sani, Umma. Amma ba kowace zuciya ce take ɗauka ba. Irinta nake jinya kullum."

"To a can kike nas. Nan ɗakina ne. Mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba, me dangin mijinta za su ce? Na kasa riƙe musu yarinya?"

Sa'adiyya ta fita tsakar gida ta kira Maharazu, mijin Hafsat, wanda ya tafi Legas saro kaya. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, "Yaya Sa'a, ni ina zan tsallake maganar Hajiya? Jibi ina hanya. A yi haƙuri in dawo."

Ta koma ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta riƙe ƙafarta tana kuka. Abin da ta samu kawai shi ne a bar wankan yamma. Kafin ta tafi aiki ta gyara wa Hafsat zama, ta ce kar ta yarda a kwantar da ita, kar ta cika shan ruwa, ta kira ta ko me ta ji.

* * *

Washegari da hantsi, tana saukowa daga aiki, wayarta ta yi ƙara. Muryar Umma ce, amma ba irin ta jiya ba.

"Ki zo. Tun da muka fito wanka take tari, har da kumfa."

Ta tarar an shimfiɗe Hafsat a tabarma, maƙwabciyarsu Dije na ƙoƙarin ɗura mata ruwan rubutu. Leɓenta ya yi baƙi, kumfa mai ratsin jini na bin gefen bakinta.

"Ku ɗaga ta! Ku zaunar da ita!" Sa'adiyya ta ture kofin, ta tallafo ta, ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ta kwance ɗaurin ƙirjin da aka tamke ta da shi. "Hafsa, kalle ni. Ja a hankali. Ina nan."

Ba ta ƙara neman izinin kowa ba. Lungunsu mota ba ta shiga, don haka a kan kujerar roba suka ɗauko ta, ita da Dije da wasu mata biyu, har bakin titi. A cikin adaidaita sahu ta rungume ta a zaune, yatsunta a wuyanta, tana roƙon direba ya bi ta inda babu cunkoso. Hajiya Uwa na gefe da jaririya, ba abin da take maimaitawa sai salati.

A asibitin, nas ɗaya ce a kan gadaje ashirin da shida. A'isha ce, abokiyar karatunta. Sauran 'yan ajinsu duk sun tafi, wasu Saudiyya, wasu Ingila.

"Sa'a, wallahi babu gado. Tukunyar oksijin biyu ce, duka akwai mutane a kai. Likita yana tiyata."

"Ba ni allurar fitar da ruwa, ni zan nemi jijiyar. Ki kira shi a waya ya ba da izini."

A kan benci ta yi. Hannun ya kumbura, jijiya ta ɓuya, sai a karo na uku ta samu. Ta san duk abin da ya kamata a yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar karatun allo. Ta san da jiya ne, da ƙwayoyi da hutu da barin gishiri sun isa a fara. Aka ciro oksijin daga wani dattijo da ya ɗan farfaɗo, aka sa wa Hafsat. Likita ya iso ana kiran la'asar. Ya duba, ya dubi Sa'adiyya, ya ga ta riga ta gane.

Hafsat ta janye robar oksijin daga hancinta. "Yaya... kar ki yi... fushi da Umma."

Sa'adiyya ta mayar mata da robar. Yatsunta na kan wuyan ƙanwarta har lokacin da ta daina jin komai a ƙarƙashinsu.

* * *

Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata. Kowa ta zauna sai ta ce kwana ne ya ƙare, Sa'adiyya ta amsa da amin, tana jijjiga jaririyar da ta ƙi karɓar madarar gwangwani. Tun ranar ba su haɗa ido da mahaifiyarta ba.

Da mutane suka ragu, Hajiya Uwa ta matso kusa da ita. Ta rame, muryarta ta dashe.

"Aminat 'yar Dije ma kwananta goma sha biyu da haihuwa. Jiya na ga ƙafarta." Ta miƙo hannu don karɓar jaririyar. "Ko za ki leƙa?"

Sa'adiyya ta miƙa mata jaririyar, ta yafa mayafi. Gida uku ne tsakani. Ta yi sallama a zaure, Dije ta leƙo, hannunta jiƙe, idonta ja saboda hayaƙi.

"A'a, Sa'adiyya, ya ƙarin haƙuri? Ai mai jegon tana wanka. Ki dawo an jima."

Ta saki labulen ta koma. Sa'adiyya ta tsaya a zauren. Ta bayan katanga tana jin ana fyaɗa ganye a ruwan zafi, a tsakanin kowace fyaɗa kuma, wani ɗan siririn tari.