Amshin Na-Hagu

Tsohon ya shigo ɗakin taron cikin riga mai sabon guga, babbar 'yarsa na riƙe da hannunsa. Auta na hango shi ya kawar da kai, don da gangan ya ƙi gayyatarsa.

Na-Hagu ake ce wa tsohon, saboda a hagun mahaifin Auta yake tsayawa yana amshi, tun mawaƙin bai yi suna ba har Allah ya karɓi ransa. Waƙoƙin da za a saki yau, waɗanda marigayin ya ɗauka bai fitar ba, da shi aka yi su. Sai dai a lokacin tsufa ya riga ya taɓa muryar Na-Hagu, tana rawa. Auta kuwa haɗa sauti ne sana'arsa. Ya saurara sau ɗaya, ya yatsine fuska, ya goge amshin tsohon kaf, ya sa wani matashi mai zaƙin murya a gurbinsa. Gyara ya kira abin, bai ko ji ɗar ba.

Aka kunna waƙar farko. Muryar marigayin ta cika ɗakin, mutane suka fara share hawaye. Da aka zo amshi, Na-Hagu ya miƙa wuya, ya kara tafin hannu a bayan kunne. Auta ya sunkuyar da kai, yana jiran asirinsa ya tonu a bainar jama'a.

Sai tsohon ya kece da dariya, ya zunguri 'yarsa.

"Kin ji ni? Ku da kuke cewa muryata ta zama ta tsohon zakara!"

Ita ba ta yi dariya ba. Da muryar ubanta ta girma, ba a yi mata wannan wayon. Ta kafe Auta da ido.

Da aka tashi, tsohon ya lalubo hannun Auta ya riƙe gam.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tun ranar da muka ɗauki waƙoƙin nan abin ke cin raina, na zaci na ɓata wa mahaifinka aiki. Ashe kunnena ne ya yi mini ƙarya." Ya ƙara matse hannun. "Ni ne dai, ko?"

Kunya ta kama Auta. Ya dubi 'yar, ta gyaɗa masa kai kaɗan, fuskarta a ɗaure.

"Kai ne, Baba."

"Madalla. To a ba ni faifai guda, in kai wa jikokina su san ni."